Yadda ƙaramar kwamfuta ke kunna famfon kwamin ninƙaya da kashe shi

Masu gidajen da ke da kwamin ninƙaya a ƙasashe irin su Amurka da Ostiraliya da Afirka ta Kudu sun daɗe suna fama da tambaya guda: awa nawa ya kamata famfon tace ruwa ya yi yana aiki a kowace rana, kuma wa zai riƙa kunna shi yana kashewa a kan lokaci?

Idan aka bar famfon yana aiki dare da rana, kuɗin wutar lantarki kan yi tashin gwauron zabi. Idan kuma aka bar shi a kashe na 'yan kwanaki, ruwan kan gurɓace, ya yi kore, har ya zama matattarar sauro.

Tun bayan fitowar ƙananan kwamfutoci masu allo guda, waɗanda girmansu bai wuce na katin cirar kuɗi ba, wasu masu sha'awar ƙere-ƙere suka fara ɗora wa na'urar wannan aiki, ta hanyar haɗa ta da wani makunni da ake kira rile.

Haɗin dai ba shi da tsada, amma yana tattare da haɗari ga wanda bai san abin da yake yi ba, domin kuwa wuri ne da ruwa da wutar lantarki suke maƙwabtaka.

Me ya sa famfon ke bukatar agogo?

Ruwan kwami ba ya gudana kamar na kogi. Famfo ne ke zuƙo shi, ya tura shi cikin matata mai yashi ko makamancinsa, sannan ya mayar da shi. Wannan zagaye ne kuma ke gauraya sinadarin kulorin da ke kashe ƙwayoyin cuta, ya kai shi kowane lungu na kwamin.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, tana ba da shawarar kada kulorin da ke cikin ruwan ninƙaya ya gaza kashi ɗaya cikin miliyan. To sai dai hasken rana yana cinye sinadarin, saboda haka da rana tsaka ne aka fi bukatar ruwan ya riƙa zagayawa.

Masu iya magana kan ce ruwa ba ya tsami banza. A watan Agustan 2016, lokacin wasannin Olamfik a birnin Riyo na ƙasar Brazil, ruwan kwamin da ake gasar tsalle a cikinsa ya rikiɗe ya koma kore a gaban idon duniya. Daga baya masu shirya gasar suka ce wani sinadari ne da aka zuba ya kashe ƙarfin kulorin, gansakuka ta samu damar yaɗuwa.

Kafin wannan, a shekarar 2007, lokacin da rikicin bashin gidaje ya fara tilasta wa Amurkawa barin gidajensu, kwamaye da dama a yankin Bakersfield na jihar Kalifoniya sun zauna ba mai kula da su. Masu bincike sun danganta sauron da ya hayayyafa a cikinsu da ƙaruwar masu kamuwa da zazzaɓin West Nile a yankin.

Lissafin wuta

A ɗauki misalin kwami mai tsawon mita 8 da faɗin mita 4 da zurfin mita ɗaya da rabi. Irin wannan yana cin ruwa lita 48,000.

Famfon da ke tura lita 12,000 a awa guda zai zagaya da ruwan baki ɗaya cikin awa 4. Idan ana so a tace ruwan sau biyu a rana, ana bukatar awa 8 ke nan.

In famfon yana jan kilowat ɗaya, barinsa a kunne dare da rana zai ci yunit 24 a kullum, wato yunit 720 a wata mai kwana 30. Amma a kan awa 8, yunit 240 kawai zai ci. Bambancin yunit 480 ne a kowane wata.

Ita kuwa ƙaramar kwamfutar da za ta yi wannan tsaro, samfurin da ya fi ƙanƙanta yana jan kimanin wat ɗaya ne, abin da bai cika yunit guda a wata ba.

Akwai kuma batun lokacin da ake shan wutar. A jihar Kalifoniya manyan kamfanonin lantarki suna da tsarin da wuta ta fi tsada daga ƙarfe 4 na yamma zuwa 9 na dare. A Afirka ta Kudu ma, a shekarun da aka yi fama da ɗauke wuta bi da bi, lamarin da ya fi ƙamari a 2023, kamfanin Eskom ya sha roƙon jama'a su kashe famfunan kwami da na'urorin dumama ruwa daga ƙarfe 5 na yamma zuwa 9 na dare.

Tsohuwar hanyar magance wannan ita ce agogon faifai, irin wanda kamfanin Intermatic na Amurka ya yi suna a kansa. Faifan yana juyawa sau ɗaya a awa 24, ana kuma ɗaura masa wasu ƙananan ƙarafa da ke tura makunni idan lokaci ya yi.

Agogon yana da ƙarko, amma yana da rauni guda. Da wutar gidan yake juyawa, don haka idan aka ɗauke wuta na awa biyu, zai koma baya da awa biyu har sai an zo an gyara shi da hannu. Ba ya kuma bambanta ranakun mako, balle rani da hunturu.

Kwamfuta a tafin hannu

Na'urar da aka fi amfani da ita a irin wannan aiki ita ce Raspberry Pi, wadda Eben Upton da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a birnin Kambirij na Birtaniya, da nufin jawo hankalin yara zuwa ga koyon ilmin kwamfuta.

An fara sayar da ita a ranar 29 ga watan Fabrairun 2012 a kan dala 35. A watan Nuwamban 2015 aka fito da ƙaramar ƙanwarta mai suna Pi Zero a kan dala 5, sannan a 2017 aka ƙara mata hanyar shiga intanet ba tare da waya ba, aka sa mata dala 10. Ana ƙera akasarinsu ne a wata masana'antar kamfanin Sony da ke garin Pencoed a yankin Wales, kuma ya zuwa shekarar 2024 an sayar da fiye da miliyan 60.

Ana ce mata mai allo guda ne saboda ƙwaƙwalwarta da ma'ajiyarta da kafofin da ake jona mata waya duk suna kan faranti ɗaya. Tana aiki da manhajar Linux, wadda ake zubawa a kan ƙaramin katin memori irin na wayar salula.

Abin da ya bambanta ta da kwamfutar ofis shi ne wasu ƙusoshi 40 da ke jere a gefenta. Mai na'urar yana iya rubuta umarni ya ce wa ɗaya daga cikinsu ta fitar da wuta, ko ta ɗauke.

To amma wutar da ƙusar ke fitarwa volt 3.3 ce kacal, kuma ba a so a ja fiye da miliamfiya 16 daga gare ta. Wannan zai iya kunna ɗan ƙaramin ƙwan fitila, amma ko kusa ba zai motsa famfo mai aiki da volt 230 ba. A nan ne rile ke shigowa.

Yadda rile ke aiki

Rile tsohuwar fasaha ce. Ana danganta ta da masanin kimiyyar Amurka Joseph Henry a wajajen shekarar 1835, kuma da ita aka riƙa ƙarfafa saƙon tangaraho a kan doguwar tafiya.

A cikinta akwai siririyar waya da aka naɗe a jikin ƙarfe. Idan 'yar ƙaramar wuta ta bi ta cikin naɗin, ƙarfen kan zama maganaɗisu, ya jawo wani harshen ƙarfe ya haɗa shi da ɗan'uwansa. Haɗuwar tasu ce ke buɗe wa babbar wuta hanya. Da zarar ƙaramar wutar ta ɗauke, wani ɗan sifirin kan mayar da harshen wurinsa, hanya ta yanke.

Ke nan ɓangaren ƙaramar wuta da na babba ba sa taɓa juna. Maganaɗisu ne kawai ke kai saƙo tsakaninsu.

Naɗin rilen da aka fi sayarwa yana aiki da volt 5, yana kuma jan kimanin miliamfiya 70, abin da ya fi ƙarfin ƙusar kwamfutar. Shi ya sa ake sayen rilen da ya zo a kan nasa farantin, tare da taransista da ke ɗaukar nauyin, da kuma wani ɗan diyod da ke shanye wutar da naɗin kan mayar baya a lokacin da aka kashe shi. Masu inganci suna da wani sashe da ke isar da umarnin ta hanyar haske, ta yadda matsala a ɓangaren rile ba za ta ƙona kwamfutar ba.

Wayoyi uku ne ke haɗa su: ɗaya ta volt 5, ɗaya ta ƙasa, ɗaya kuma ta umarni daga ƙusar da aka zaɓa, kamar mai lamba 17.

Inda mutane suka fi yin kuskure

A jikin irin waɗannan ƙananan rile akan rubuta cewa suna ɗaukar amfiya 10 a kan volt 250. Famfo mai ƙarfin doki ɗaya kuwa yana jan kimanin amfiya 5 zuwa 6 ne, saboda haka mutum kan ɗauka lissafi ya yi daidai.

Sai dai injin lantarki ba kamar ƙwan fitila ba ne. A daidai lokacin da yake tashi, yakan ja wutar da ta ninka ta aikinsa sau biyar zuwa bakwai, ko da yake na ɗan ƙanƙanin lokaci ne. A lokacin kashewa kuma tartsatsi kan tashi tsakanin harsunan rilen.

Yau da gobe, harsunan kan ƙone, ko su narke su manne da juna. Idan suka manne, famfon zai ci gaba da aiki ko da kwamfutar ta ba da umarnin kashewa, kuma zafin da ke taruwa a wurin yana iya haddasa gobara.

Mafita ita ce a sa wani babban rile da masu aikin lantarki ke kira kwantakta, wanda aka ƙera musamman domin injuna. Kwamfuta ta umarci ƙaramin rile, shi kuma ya kunna naɗin kwantakta, kwantakta ta ɗauki nauyin famfo. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana ɗaukar abin da ya dace da ƙarfinsa.

Wani abin lura shi ne rile yana da baki biyu: wanda ke buɗe idan babu umarni, da wanda ke rufe. Ana jona famfo ne a bakin da ke buɗe, domin idan kwamfutar ta mutu, famfon ya tsaya.

Haka nan da yawa daga cikin farantan rile suna kunnuwa ne idan ƙusar ta ɗauke wuta, saɓanin yadda ake zato. Wanda bai gwada nasa ba tun farko yana iya tarar da famfonsa yana aiki a lokutan da ya ce a kashe.

Rubuta umarni

Ɓangaren umarni shi ne mafi sauƙi. Layuka kaɗan a harshen kwamfuta na Python sun isa su kunna ƙusa ko su kashe ta.

Manhajar Linux tana da wani tsohon tsari mai suna cron, wanda aikinsa shi ne gudanar da umarni a lokacin da aka tsayar. Ana rubuta masa abubuwa biyar a jere: minti, da awa, da ranar wata, da wata, da ranar mako. Idan aka rubuta 0 8 * * * ana nufin ƙarfe 8 na safe a kowace rana.

Da layi biyu, ɗaya na kunnawa da ƙarfe 8 ɗaya na kashewa da ƙarfe 4 na yamma, aikin ya kammala a bisa takarda.

To amma wannan tsari yana da giɓi. Idan babu wuta da ƙarfe 8, aka dawo da ita da ƙarfe 9, lokacin umarnin ya riga ya wuce, kuma cron ba ya waiwaye. Famfon zai wuni a kashe.

Dabarar da ta fi ita ce a sa kwamfutar ta riƙa duba agogo a kowane minti, tana tambayar kanta ko yanzu lokacin aiki ne, sannan ta daidaita rilen da amsar. Ana iya ƙara mata da ƙidayar awannin da famfon ya yi a ranar, ta yadda idan ɗaukewar wuta ta cinye awa biyu, za ta rama su daga baya.

Daga nan ne fifikonta a kan agogon faifai ke bayyana. Ana iya tsara mata awanni masu yawa a lokacin zafi da kaɗan a lokacin sanyi, a hana ta aiki a sa'o'in da wuta ke tsada, ko a jona mata ma'aunin zafi domin ta kunna famfo idan ruwa na shirin daskarewa a cikin bututu, kamar yadda ake bukata a ƙasashe masu tsananin sanyi.

Agogo da ɗaukewar wuta

Akasarin samfuran Raspberry Pi ba su da agogo mai batir a jikinsu. Daga intanet suke samun lokaci a duk sa'ad da aka kunna su. Idan babu intanet, na'urar kan ci gaba ne daga lokacin da ta adana na ƙarshe, wato ta faɗa cikin irin matsalar agogon faifai.

Ana magance wannan da wani ɗan ƙaramin agogo mai suna DS3231, wanda ke aiki da batir mai kama da kwabo, kuma kuskurensa bai wuce kimanin minti ɗaya a shekara ba. Samfuri na biyar, wanda ya fito a watan Oktoban 2023, ya zo da nasa agogon, sai dai a saya masa batir.

Matsala ta biyu ita ce katin memori. Idan wuta ta ɗauke a daidai lokacin da kwamfutar ke rubutu a kansa, bayanan suna iya lalacewa, na'urar ta ƙi tashi. Manhajar tana da zaɓin da ke kulle katin ya zama na karatu kawai, kuma yana da kyau a ajiye wani katin da aka kwafe komai a kansa.

Zafi ma abin dubawa ne. Na'urar kan rage gudunta idan zafin ƙwaƙwalwarta ya kai digiri 80 zuwa 85 a ma'aunin Selshiyos, saboda haka akwatin da za a rufe ta a ciki yana bukatar inuwa. Tururin kulorin da na asid kuma yana cin ƙarfe, don haka ba a ajiye ta a ɗakin da ake tara sinadarai.

Masu son sarrafa famfon daga wayar salula su ma suna da abin kiyayewa. Shekaru da dama na'urar tana zuwa da suna da kalmar sirri iri ɗaya ga kowa, abin da masu kutse suka yi amfani da shi, har sai da kamfanin ya soke wannan tsari a watan Afrilun 2022. Duk na'urar da aka buɗe wa ƙofa zuwa intanet tana bukatar kalmar sirri mai ƙarfi.

Ruwa da lantarki

Babban abin da ke cikin wannan aiki shi ne rai. Jikin da ya jiƙe yana ba wuta hanya cikin sauƙi, kuma wutar da ba ta kai ta kashe mutum a tudu ba tana iya sandarar da gaɓoɓin mai ninƙaya har ya nutse.

Saboda haka dokokin wayarin a ƙasashe da dama suka ware wa wuraren ninƙaya babi na musamman. A Amurka sashe na 680 ne na kundin dokokin lantarki na ƙasar.

Daga cikin abin da ake bukata akwai na'urar da ke yanke wuta nan take idan ta gano tana zurarewa. A Turai da ƙasashen da ke bin tsarinta, wadda ke yankewa a kan miliamfiya 30 ake sawa, a Amurka kuwa a kan kimanin miliamfiya 5. Ana kuma haɗa dukkan ƙarafan da ke kewaye da kwamin, kamar tsani da jikin famfo, da waya guda, domin kada a samu bambancin ƙarfin wuta tsakaninsu.

Kwamfuta da rile ba sa maye gurbin ko ɗaya daga cikin waɗannan. Mai sha'awa yana iya haɗa ɓangaren volt 5 a kan teburinsa, ya gwada shi da ƙaramin ƙwai na tsawon kwanaki, amma jona kwantakta da babbar wuta aikin ƙwararren ma'aikacin lantarki ne.

Ana kuma barin makunnin hannu a gefe, domin a iya kunna famfon ko kashe shi ba tare da kwamfutar ba, musamman lokacin wanke matata.

Idan kwamin yana da injin dumama ruwa ko na'urar da ke samar da kulorin daga gishiri, wajibi ne a tsara su ta yadda ba za su yi aiki ba sai famfo na tafiya. Na'urar gishirin tana fitar da iskar gas, wadda kan taru a cikin bututu idan ruwa a tsaye yake.

Ko ya cancanci wahalar?

A kasuwa akwai agogunan lantarki masu batir da ke yin aikin kunnawa da kashewa ba tare da an rubuta ko layi ɗaya ba. A Amurka ma, tun daga watan Yulin 2021 da wata dokar tsimin makamashi ta fara aiki, akasarin manyan famfunan kwami da ake ƙerawa masu sauya gudu ne, kuma da yawansu suna zuwa da agogonsu.

Irin waɗannan famfuna suna tsimi ta wata hanyar daban: a ƙa'ida, idan aka rage gudun famfo da rabi, wutar da yake ja kan sauka zuwa kimanin kashi ɗaya cikin takwas. An ƙera su ne domin a ba su umarni ta tasu hanyar, don haka yawan yanke musu wuta da kwantakta bai dace da su ba.

Ga wanda bukatarsa ba ta wuce kunnawa da safe da kashewa da yamma ba, agogon kasuwa ya wadatar. Kwamfutar ta fi amfani ne ga mai tsohon famfo mai gudu ɗaya da ke son tsari mai sassauci, ko ɗalibin da ke son koyon yadda umarni a rubuce ke motsa inji.

Wannan ilmi kuwa bai tsaya ga kwamin ninƙaya ba. A Najeriya da Nijar, inda wutar gida take kimanin volt 220 zuwa 230, haɗi iri ɗaya ne zai sarrafa famfon rijiyar burtsatse, ko na noman rani, ko injin da ke ba kifi iska a gidan gona.

Sai dai a irin waɗannan wurare agogo kaɗai ba ya isa. Tankin ruwa yana bukatar makunni mai yawo a saman ruwa da zai tsayar da famfo idan ya cika, rijiya kuma tana bukatar abin da zai hana famfon aiki idan ruwa ya ja baya, domin famfon da ya yi ta juyawa babu ruwa yakan ƙone cikin ɗan lokaci.